DARASIN DA KE CIKIN WASAN ƘANƘARA GA 'YAN MATAN BIRNIN KUDU DA GWARAM

Idan aka ce za a yi maganar wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a ƙasar da zafin rana kan wuce awo 40 a watan Afrilu, mai karatu yana iya cewa an rasa abin faɗi. Babu ƙanƙara a Birnin Kudu sai wadda ake sayarwa a cikin leda a lokacin azumi, babu ta kuma a Gwaram sai ranar da aka yi ruwa da ita ta ɓata wa manoma shuka. Amma duk da haka akwai darasi a cikin tarihin wata 'yar wasan ƙanƙara ta ƙasar Kanada mai suna Sarah Nurse, kuma darasin ya shafi kowane uba da ke da 'ya a makarantar sakandare a kudancin Jihar Jigawa, ya shafi kowane shugaban makaranta, ya kuma shafi Ma'aikatar Ilmi da ke Dutse. Darasin kuwa shi ne, makaranta ita ce ke yin ɗan wasa, kuma ƙasar da ta rufe filin wasa ga 'ya'yanta mata ta yi asarar rabin ƙarfinta tun ba a busa usur ba.

Wasan da ake magana a kansa ana yinsa ne a kan daɓen ƙanƙara mai tsawon kimanin mita 60. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida, suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna sulu da su a guje, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa har su jefa shi a raga. Ana yin zagaye uku, kowane zagaye minti 20. Wasa ne na ƙasashen sanyi, kuma an daɗe ana ɗaukarsa na maza ne zalla. Sai a shekarar 1990 aka fara gasar duniya ta mata a birnin Ottawa, sai kuma a 1998 aka shigar da mata a wannan wasa a gasar Olamfik ta lokacin hunturu da aka yi a Nagano ta ƙasar Jafan.

An haifi Sarah Nurse a shekarar 1995, ta kuma tashi a birnin Hamilton na lardin Ontario. Mahaifinta baƙar fata ne wanda asalinsa daga tsibirin Tirinidad yake, watau ƙasar da ita ma ba ta san ƙanƙara ba. Tun tana ƙarama aka sa ta a ƙungiyar yara ta unguwa, daga nan ta hau zuwa ƙungiyar 'yan mata, daga nan aka ɗauke ta a ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 18. A shekarar 2013 ta shiga Jami'ar Wisconsin a Amurka, inda ta karanta harkokin kasuwanci, tana kuma yi wa jami'ar wasa har shekara huɗu. A duk shekarun nan huɗu ƙungiyar jami'ar ta kai cikin huɗun ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka, a 2017 ma ta kai wasan ƙarshe, Jami'ar Clarkson ta doke ta da ci uku ba ko ɗaya.

Shekara guda bayan wannan shan kaye, Sarah Nurse tana cikin tawagar Kanada da ta je Olamfik ta 2018 a Koriya ta Kudu, inda Amurka ta ƙwace lambar zinariya a bugun daga kai sai mai tsaron gida, su kuma suka komo gida da azurfa. A shekarar 2019 babbar gasar ƙungiyoyin mata ta Kanada ta rushe saboda rashin kuɗi, 'yan wasa suka wayi gari babu inda za su yi wasa a biya su. Ita da 'yan uwanta suka haɗa kai suka ce ba za su shiga wata gasa ba sai wadda za ta biya albashin da mutum zai rayu da shi. Suka yi shekaru suna wannan fafutuka. A cikin wannan hali ne aka je Olamfik ta 2022 a birnin Beijing na ƙasar Sin, inda Kanada ta rama, ta ci Amurka uku da biyu a wasan ƙarshe. Sarah Nurse ta tara maki 18 a wannan gasa, ƙwallo biyar ta ci da kanta, goma sha uku kuma ita ta miƙa aka ci, abin da babu macen da ta taɓa yi a gasar Olamfik guda kafin wannan lokaci. Ta kuma zama baƙar mace ta farko da ta sami lambar zinariya ta Olamfik a wannan wasa. A watan Janairu na 2024 aka buɗe sabuwar gasar ƙwararru ta mata wadda suka yi ta nema, ita kuma tana cikin waɗanda aka fara ɗauka a ƙungiyar Toronto.

TSANI MAI MATAKALA

Wanda ya dubi wannan tarihi da idon basira zai ga cewa tsani ne mai matakala, kowace a inda ya kamata. Akwai ƙungiyar unguwa, akwai ta makaranta, akwai ta jami'a, akwai ta ƙasa. Babu matakalar da yarinyar nan ta tsallake, babu kuma wadda ta taka ta iske ta karye. Mafi ƙarfi a cikinsu ita ce ta jami'a, kuma ita wannan doka ce ta gina ta. A shekarar 1972 Shugaba Nixon na Amurka ya sa hannu a kan wata dokar ilmi wadda sashenta na tara ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Da aka fassara dokar a fagen wasanni, sai ya zama tilas jami'ar da ke kashe kuɗi a kan wasan samari ta kashe a kan na 'yan mata, ta kuma ba su sukolashif kamar yadda take ba maza. Kafin dokar, 'yan matan da ke wasa a makarantun sakandare na Amurka ba su kai dubu 300 ba. Daga baya suka wuce miliyan uku. Gasar jami'o'i ta ƙwallon gora na ƙanƙara ta mata, wadda Sarah Nurse ta fito daga cikinta, a 2001 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta fara shirya ta.

Abin lura kuma shi ne, tsarin ya ɗaure wasa da karatu da igiya ɗaya. Ɗalibar da aka ba sukolashif saboda wasa dole ta kasance cikakkiyar ɗaliba mai shiga aji, dole makinta na jarrabawa ya kai wani matsayi, in ya faɗi ƙasa da haka a dakatar da ita daga wasa. A ƙa'ida kuma ba a yarda a riƙe ta a fili fiye da awa 20 a mako ba a lokacin gasa. Saboda haka ranar da gwiwa ta gaji, ko gasa ta rushe kamar yadda ta faru a 2019, yarinya tana da takardar digiri a hannu.

Kada a ɗauka wannan tsani na Turawa ne kaɗai. Nijeriya ta daɗe tana cin moriyarsa. Modupe Oshikoya, wadda ta ci zinariya a dogon tsalle a wasannin ƙasashe renon Ingila na 1974, ta yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Mary Onyali, wadda ta je Olamfik sau biyar daga 1988 zuwa 2004, ta kuma sami tagulla a 1992 da 1996, ta fito ne daga Jami'ar Texas Southern. Falilat Ogunkoya, mai tagulla a gudun mita 400 da azurfa a gudun miƙa sanda a Atlanta a 1996, ɗalibar Jami'ar Jihar Mississippi ce. Tobi Amusan ta fara gudu a makarantar sakandare a Ijebu-Ode, ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso a 2016, sa'an nan a watan Yuli na 2022 ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12. Ko a kan ƙanƙarar ma an ga tutar Nijeriya: a 2018 Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun shiga tseren amalanken ƙanƙara a Koriya ta Kudu, karo na farko da ƙasar nan ta halarci Olamfik ta hunturu, kuma dukansu tsofaffin 'yan gudu ne na jami'o'in Amurka. A ƙwallon goran ƙanƙara kuwa, ɗan Nijeriya na farko da ya yi wasa a babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, iyayensa suka tafi da shi Kanada yana yaro. Jade Iginla, wadda kakanta ɗan Nijeriya ne, ta ci zinariya da 'yan matan Kanada 'yan ƙasa da shekara 18 a 2022, ta kuma shiga Jami'ar Brown tana yi mata wasa.

Wanda ya karanta sunayen matan nan zai lura da abu biyu. Na farko, jinin ƙasar nan ba ya kasa kowa a kowane fage in an ba shi fili da malami. Na biyu, babu sunan 'yar Jigawa ko ɗaya a ciki. Macen da Arewa ta fi tinƙaho da ita a Olamfik ita ce Maryam Usman, haifaffiyar Kaduna, mai ɗaga ƙarfe, wadda ta zo ta biyar a Beijing a 2008, daga baya aka gano biyu daga cikin waɗanda suka riga ta sun sha ƙwayoyin ƙara kuzari, aka mai da tagullar gare ta. Ta kuma ci zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow a 2014. Ita ma daga babban birni ta fito, inda akwai zauren motsa jiki da mai koyarwa. Yarinyar da aka haifa da irin ƙarfinta a wani ƙauye na Gwaram, tulu da damin itace ne kaɗai za su shaida wannan ƙarfi.

BA BAƘON ABU BA NE

Masu cewa wasan makaranta al'adar Turawa ce da ba ta dace da ƙasar Hausa ba, ya kamata su waiwayi tarihi. Wasan buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda malaman Turawa suka kawo makarantun Arewa a shekarun 1920, ya yi saiwa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, har Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ya shahara da shi. Ƙwallon doki ya zauna daram a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ƙwallon gora na ƙasa, ɗan uwan wanda ake yi a ƙanƙara, an yi shi a manyan kwalejojin Arewa, kuma Kaduna ta riƙe shi har ta kafa ƙungiyar mata mai suna Kada Queens. Ƙwallon kwando ya kafu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a hannun malami guda, Oliver Johnson, wanda ya yi shekaru da dama yana koyar da yara a can. Duk waɗannan ta ƙofar makaranta ko ta fada suka shigo, suka zama 'yan gida.

Birnin Kudu kanta shaida ce a kan abin da makaranta ke iya yi. Kwalejin Gwamnati ta garin tana cikin tsofaffin makarantun sakandare na tsohuwar Jihar Kano, ta yaye manyan ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kasuwa, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote wanda ya gama a 1978. Duk wanda ya yi makarantar kwana irin wannan a wancan zamani ya san cewa bayan la'asar kowane ɗalibi fili yake nufa, kuma gasar gida-gida ta shekara-shekara biki ce da hakimi da iyayen gari ke halarta. Ba a taɓa jin cewa wannan ya hana su cin jarrabawa ba. Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya sa abin da aka yarda yana gyara ɗa namiji ake tsoron zai ɓata 'ya mace?

Ita 'yar Bahaushe ba a zaune ta tashi ba. Tana gaɗa a dandali da farin wata, tana carafke, tana 'yar gala-gala, tana tsallen igiya. 'Yar ƙauye a ƙasar Gwaram ko Buji takan yi tafiyar mil da yawa a rana tsakanin rijiya da gona da kasuwa, ta yi daka, ta yi surfe. Ƙarfin jiki da juriya da saurin hannu duk suna nan. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai auna su da agogo da awo, ya rubuta a littafi, ya ce wannan yarinya ta fi tsararta gudu a duk masarautar Dutse, a kai ta gaba.

DAMUWAR IYAYE

Ba daidai ba ne a yi watsi da damuwar iyaye kamar jahilci ne ke sa su magana. Uban da ya ce ba ya son 'yarsa ta fito gaban maza da gajeren wando yana da hujja a addininsa da al'adarsa, kuma duk shirin da ya raina wannan hujja ya mutu tun ba a haife shi ba. Amma duniyar wasanni ta riga ta matso kusa da wannan uba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta halatta ɗaura ɗankwali a fili a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Ibtihaj Muhammad, Musulma 'yar Amurka wadda ta yi karatu a Jami'ar Duke, ta ci tagulla a wasan takobi a Olamfik ta 2016 da lulluɓinta. A yau ana ɗinka kayan wasa masu rufe hannu da ƙafa da kai, kuma telan Birnin Kudu ba zai kasa ɗinka irinsu ba. Tun kafin wannan ma, Nawal El Moutawakel ta ƙasar Maroko, ɗalibar Jami'ar Jihar Iowa, ta ci zinariya a gudun tsallake shinge na mita 400 a 1984, daga baya ta zama ministar wasanni a ƙasarta.

Malamai sun fi kowa sanin ruwayar da ta zo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tsere masa a karo na farko, shi kuma ya tsere mata a wani karo bayan shekaru. Saboda haka abin da ya rage a tattauna shi ne wuri da sutura da waɗanda ke kallo, kuma dukansu ukun abubuwa ne da hukuma za ta iya tsarawa. Makarantar 'yan mata ta kwana mai katanga, irin wadda ke Gwaram, ita ce wurin da ya fi ko'ina sauƙin cika waɗannan sharuɗɗa: fili a cikin gida, malama mace, alƙaliya mace, 'yan kallo ɗalibai da iyaye mata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta nuna tun ƙarni na goma sha tara cewa ana iya isar da abu mai amfani ga matan karkara ta hannun mata 'yan uwansu ba tare da an keta haddin kowa ba. Hanyar da ta bi da karatu ita ce za a bi da motsa jiki.

Akwai kuma masu cewa jihar da ke fama da ƙarancin azuzuwa da kujeru da malaman lissafi ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe a kan wasa. Wannan magana tana da nauyi, kuma da a ce ana neman a gina daɓen ƙanƙara ne a Dutse, da sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari, domin injin da zai riƙe ruwa a daskare dare da rana zai cinye wutar da gari guda ke bukata. Amma gudu ba ya bukatar komai sai fili da farar ƙasa ta shata layi da agogo. Ƙwallon raga tirke biyu ne da raga da ƙwallo. Ƙwallon hannu da ƙwallon tebur da dogon tsalle duk kuɗin kayansu bai kai na fentin ofis guda ba. Kuma wasa yana cikin Manufar Ilmi ta Ƙasa tun 1977, watau darasi ne da makaranta ta ɗauki alkawarin koyarwa, kamar Turanci da lissafi. Makarantar da ta bar shi ta rage wa ɗaliba hakkinta ne.

Ribar kuma ba lambar zinariya kaɗai ba ce, domin cikin 'yan mata dubu da wuya a sami ɗaya da za ta kai Olamfik. Sauran ɗari tara da casa'in da tara su ne ainihin abin nufi. Likitoci a ko'ina sun haɗu a kan cewa motsa jiki tun ƙuruciya yana ƙarfafa ƙashi da zuciya, yana kuma rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari a girma, cututtukan da asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ke ɗawainiya da masu fama da su. Yarinyar da take da wani abin da ta fi kowa iyawa a makaranta, ko da ba ta fi kowa lissafi ba, tana da dalilin komawa bayan hutu. Wadda ta saba da a ci ta yau ta sake shiri ta ci gobe, wadda ta taɓa riƙe shugabancin ƙungiya ta mutum bakwai, ta koyi abin da zai amfane ta a ɗakin aurenta da wurin aikinta, ko ungozoma ta zama ko malamar makaranta.

KUSKUREN DA ZA A GUJE WA

Akwai kuskuren da Nijeriya ta daɗe tana yi wanda bai kamata Jigawa ta maimaita ba, watau girbin abin da ba a shuka ba. 'Yan matan amalanken ƙanƙara na 2018 a Amurka aka haife su, can aka rene su. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata, wadda ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik a 2024, da yawa daga cikin 'yan wasanta jami'o'in Amurka ne suka horar da su. Abin alfahari ne, amma rance ne daga gonar wani. Kuma wanda bai sha wahalar shuka ba bai cika sanin darajar amfanin gona ba. A wasannin Tokyo da aka yi a 2021 an hana 'yan wasan Nijeriya goma shiga gasa saboda ba a yi musu gwajin ƙwayoyi yadda ƙa'ida ta ce ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma yi wa Amurka wasa, ta ci mata azurfa a jifan guduma a birnin Paris a 2024, a gasar da Nijeriya ta dawo hannu rabbana. Salwa Eid Naser, haifaffiyar Jihar Anambra, ta ci wa Baharen kambin duniya a gudun mita 400 a 2019.

Haka nan jihohi da dama kan yi in bikin wasanni na ƙasa ya matso, wanda aka fara a Legas a 1973: sai a ɗebi kuɗi a yi hayar 'yan wasa daga wasu jihohi, a sa musu riga, a ƙirga lambobi, a watse. Kuɗin da aka kashe a kan hayar mako biyu zai isa a riƙe gasar makarantu shekara guda. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da matakalar sama a yanzu. Akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, akwai Kwalejin Ilmi a Gumel, akwai makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu. Jami'o'in Nijeriya suna da gasarsu tun 1966, kwalejojin ilmi da na fasaha su ma suna da tasu. Matakalar ƙasa ce babu, kuma ita ce mafi araha.

Abu na farko shi ne malamai mata. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta ware gurabe na musamman ga 'yan matan jihar da za su karanta ilmin motsa jiki da kiwon lafiya a Gumel ko Kano ko Zariya, da alkawarin aiki in sun gama, har a kai ga kowace makarantar 'yan mata tana da aƙalla malama ɗaya ta wannan fanni. Muddin namiji ne ke riƙe da usur, iyaye da yawa ba za su sake jiki ba.

Na biyu, a mai da yammacin wasa cikin jadawalin makarantun 'yan mata, sau biyu a mako, sufetocin makarantu kuma su riƙa duba shi kamar yadda suke duba rajistar aji. Filin da aka mai da gona ko aka bar wa ciyawa a share shi, inda babu katanga a yi ko da shinge ne.

Na uku, a kafa gasa tsakanin makarantun 'yan mata na Birnin Kudu da Gwaram da Buji a lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da rana ba ta da zafi, a yi ta da rana a gama kafin magariba. A fara da gudu da ƙwallon raga da ƙwallon hannu. A rubuta sakamako a ajiye, domin abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Ƙananan hukumomin uku za su iya ɗaukar nauyin mota da abinci, attajiran yankin da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Birnin Kudu kuma su sa kofi.

Na huɗu, kuma shi ne zuciyar darasin Sarah Nurse, a ɗaure wasan da karatu. Hukumar ba da sukolashif ta jiha ta ware wasu gurabe kowace shekara ga 'yan matan da suka yi fice a gasar kuma suka ci jarrabawar fita sakandare, a biya musu karatu a jami'o'in jihar, da sharaɗin duk wadda makinta ya faɗi a janye. Ranar da uba a Gwaram ya ga cewa gudun 'yarsa ne ya biya mata kuɗin jami'a, ya kuma ga ta dawo da digiri da mutuncinta, ranar ce gardama za ta ƙare a wannan unguwa, maƙwabcinsa ma zai tambayi yadda aka yi. Gani ya kori ji.

Na biyar, kada a yi komai a bayan idon iyaye da malaman addini da hakimai. A kira su tun farko, a nuna musu filin, a nuna musu suturar, a ji sharuɗɗansu, a kuma cika su. Uban da ya ce bai yarda ba a ƙyale masa 'yarsa ba tare da tsangwama ba. Shekara biyu ko uku na gasa mai tsabta za su shawo kan mutane fiye da jawabin kowane kwamishina.

Dokar da ta buɗe wa 'yan matan Amurka fili an sa mata hannu a 1972, amma sai bayan shekara 26 suka ci zinariyar farko a ƙwallon goran ƙanƙara a Nagano. Yarinyar da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Gwaram a bana, in an shata mata layi a fili a wannan zango, tana iya shiga jami'a nan da shekara shida da sukolashif a hannu. In kuwa aka jira sai an sami rarar kuɗi, za ta gama ta tafi, ƙanwarta ma ta gama ta tafi, ba wanda ya taɓa sanin iyakar gudunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawara ta rage ga Ma'aikatar Ilmi da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, kuma lokacin sanyi mai zuwa ya isa a fara.